Sudan ta Kudu: Ƙofar da Aka Buɗe a Juba, da Dalilin da Bai Kamata Dakarun Duniya Su Janye ba

A daren Lahadi 15 ga Disamban 2013 faɗa ya kaure tsakanin sojojin da ke gadin shugaban ƙasa a barikinsu da ke Juba, babban birnin Sudan ta Kudu. A lokacin ƙasar tana da shekara biyu da wata biyar da samun 'yanci. Kafin gari ya waye rikicin ya bar bariki ya shiga unguwanni. Sojoji da wasu masu bindiga 'yan ƙabilar Dinka suka riƙa bi gida-gida suna neman mazan ƙabilar Nuer. Wani da tsagen goshinsa ake gane shi, wani kuma a yi masa magana da yaren Dinka, in ya kasa mayarwa kwanansa ya ƙare. A unguwar Gudele an cusa maza ɗaruruwa cikin ɗaki guda a wani ginin jami'an tsaro, aka buɗe musu wuta ta tagogi. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira, gawarwakin 'yan'uwansu ne suka rufe su.

Waɗanda Allah ya ba sa'ar gudu ba su nufi ofishin 'yan sanda ko bariki ba, domin masu kakin ne ke farautarsu. Wuri biyu suka nufa: sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya na Tomping da ke daf da filin jirgin sama, da ɗayan da ke gefen dutsen Jebel. Shugabar tawagar Majalisar a ƙasar, Hilde Johnson 'yar Norwe, ta ce a buɗe ƙofa. Cikin 'yan kwanaki dubban mutane suka cika filin da aka yi domin ajiye motoci da kwantenoni, mata da goyo, tsofaffi, 'yan makaranta, har da ma'aikatan gwamnati da jiya-jiya suke ofis.

Abin da ya biyo bayan buɗe wannan ƙofa shi ne lamarin da nake so mu duba a tsanake. Dakarun wanzar da zaman lafiya sun ceci rayuka da yawa a Sudan ta Kudu, sun kuma yi abin kunya a wasu ranaku. Ni dai abin da na fahimta daga duka biyun shi ne ƙasar tana buƙatar a ƙarfafa musu gwiwa, ba a rage su ba, kuma Najeriya na da bakin magana a kan haka.

Yadda aka haifi ƙasar

Kudancin Sudan ya yi yaƙi biyu masu tsawo da gwamnatin Khartum, na farko daga 1955 zuwa 1972, na biyu daga 1983 zuwa 2005. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairun 2005 ta ba kudu shekara shida na cin gashin kai, bayan nan a yi ƙuri'ar raba gardama. Jagoran SPLM, ƙungiyar 'yan tawayen kudu, John Garang, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a ƙarshen Yulin shekarar, sati uku da rantsar da shi mataimakin shugaban Sudan. Salva Kiir, ɗan ƙabilar Dinka, ya gaje shi. A Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi ɓallewa. Aka ɗaga tuta ranar 9 ga Yuli, bayan kwana biyar ƙasar ta zama ta 193 a Majalisar Ɗinkin Duniya.

An samu tuta da taken ƙasa, amma ba a samu rundunar soja ta ƙasa ba. Dabarar Kiir tun 2006 ita ce duk madugun da ya ɗauki makami a kira shi, a ba shi muƙamin janar, a zuba mayaƙansa cikin soja, a riƙa biyansu albashi. Haka aka yi da Paulino Matip da wasu da dama bayansa. Aka wayi gari da janar-janar ɗaruruwa, kowane da yaransa, kuma biyayyar yaran ga ubangidansu take, ba ga ƙasa ba. Abin da ya riƙe wannan haɗin gambiza kuɗin man fetur ne, wanda shi ne kusan kashi 98 cikin ɗari na abin da ke shiga aljihun gwamnati. A Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyin man gaba ɗaya saboda saɓani da Khartum kan kuɗin bi ta bututu, ba a ci gaba da haƙowa ba sai bayan sama da shekara guda. A cikin wannan shekarar ta 2012 Kiir da kansa ya rubuta wa jami'ai 75, na da da masu ci, wasiƙa yana neman su dawo da dala biliyan 4 da ya ce an sace. Da kuɗin rabo suka yi ƙaranci, tsohuwar gaba ta taso.

Gabar kuwa tana da tarihi. A 1991 Riek Machar, ɗan ƙabilar Nuer, ya ɓalle daga Garang a garin Nasir, kuma mayaƙan ɓangarensa suka yi wa Dinkawan Bor kisan gilla a ƙarshen shekarar. Ya dawo daga baya, ya zama mataimakin Kiir, har ya nemi gafara a 2011, amma ba a taɓa yin shari'a ba, ba a biya diyya ba.

Kwana ɗaya kafin 'yanci Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1996 wanda ya kafa rundunar UNMISS, da sojoji har 7,000 da 'yan sanda 900. Kwamandanta na farko ɗan Najeriya ne, Janar Moses Obi. A nan aka fara kuskuren lissafi. An tsara rundunar ne a kan cewa gwamnati abokiyar aiki ce da za a taya gina hukumomi, haɗari kuma daga arewa zai zo, ko daga ɓarayin shanu. Ba a yi tanadin ranar da gwamnatin da kanta za ta dare gida biyu ba. Ga ƙasa mai faɗin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na Najeriya, kwalta mai tsawo ɗaya ce, wadda ta tashi daga Juba zuwa Nimule a iyakar Yuganda, da damina kuma fiye da rabin ƙasar mota ba ta shiga.

Alamu sun bayyana tun da wuri. A ƙarshen 2011 dubban matasan Lou Nuer suka yi gangami suka afka wa yankin Pibor na ƙabilar Murle, dakarun Majalisar suna ganin tahowarsu daga sama amma ba su da ƙarfin tare su. A Disamban 2012 sojojin gwamnati suka harbo jirgi mai saukar ungulu na Majalisar, ma'aikatansa huɗu 'yan Rasha suka mutu. A Afrilun 2013 aka yi wa sojojin Indiya kwanton ɓauna a jihar Jonglei, aka kashe biyar. Ranar 23 ga Yulin 2013 Kiir ya kori Machar da ministoci baki ɗaya. Duk wanda ke bin labarin ya san hadari ya haɗu, amma ba a ƙara soja ko ɗaya ba sai da jini ya zuba.

Bayan an buɗe ƙofa

Washegarin faɗan Kiir ya fito a talabijin cikin kakin soja ya ce Machar ya yi yunƙurin juyin mulki. Machar ya musanta, ya tsere daga Juba, ya zama madugun 'yan tawaye. Labarin kisan Juba ya isa ƙauyukan Nuer ta wayar salula, ramuwar gayya ta fara. Janar Peter Gadet ya ɓalle da dakarunsa ya kama Bor. Ranar 19 ga Disamba matasa kusan 2,000 ɗauke da makamai suka mamaye ƙaramin sansanin Majalisar a Akobo, suka kashe sojojin Indiya biyu da Dinkawan da suka fake a ciki. Biranen Bor da Bentiu da Malakal suka riƙa sauya hannu, duk wanda ya shigo sai ya huce a kan fararen hular da yake ganin na abokin gaba ne. Yuganda ta turo sojojinta suka tsaya wa Kiir.

Ranar 24 ga Disamba Kwamitin Sulhu ya ɗaga adadin sojojin zuwa 12,500 da 'yan sanda 1,323. A takarda an yi sauri, kwana tara kacal. A ƙasa kuwa watanni aka ɗauka kafin ƙarin ya iso, domin sai an roƙi ƙasashe, an nemo jiragen ɗauko su, an gina musu masauki.

Watan Afrilun 2014 ya isa misali. A tsakiyar watan 'yan tawaye suka kama Bentiu. Mutane suka fake a masallacin Kali-Ballee da asibiti da coci, aka bi su har can. Rahoton farko na Majalisar ya ce an kashe sama da mutum 200 a masallacin, da yawansu fatake ne 'yan Darfur, kuma an yi amfani da gidan rediyon garin ana zuga maza su yi wa matan wata ƙabila fyaɗe. Kwana biyu bayan haka, ranar 17 ga wata, gungun matasa masu goyon bayan gwamnati suka fasa sansanin Majalisar a Bor inda 'yan Nuer ke fake, suka kashe aƙalla mutum 47 kafin dakarun su kore su da harbi. A mako guda, kowane ɓangare ya nuna abin da zai iya. A watan Mayu Kwamitin Sulhu, wanda Najeriya ke da kujera a cikinsa a lokacin, ya sauya wa rundunar aiki: a ajiye batun gina hukumomin gwamnati, a sa kare fararen hula a gaba.

Yawan mutanen da ke cikin waɗannan sansanoni ya haura 200,000 a lokacin da abin ya yi tsanani, na Bentiu kaɗai ya wuce 100,000. Ba wurin zaman ɗan Adam ba ne. Da damina ruwa kan kai gwiwa a cikin bukkokin tamfol, iyaye su kwana a tsaye riƙe da yara. Kwalara da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro sun ci yara. Matan da suka fita neman itacen girki sojoji kan tare su a bayan waya. Duk da haka mutane sun zauna shekara da shekaru, don sun san abin da ke jiransu a waje.

Mu a Bauchi da Gombe mun ga 'yan gudun hijira da idonmu. A 2014, da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, motoci suka riƙa sauke mutane a tashoshinmu, wasu ba ko takalmi. A unguwarmu akwai gidan da aka share zaure aka raba shi da labule, iyali biyu suka zauna ciki, maƙwabta suna miƙa kwanon tuwo da daddare. Waɗancan bayin Allah sun sha wuya, amma suna da inda za su: akwai hanya, akwai jiha ta gaba da ke zaune lafiya, akwai ɗan'uwa ko suruki. Ɗan Nuer da ke Juba a Disamban 2013 ba shi da ko ɗaya. Shingen da ke kan hanya na masu nemansa ne. Ba don wannan waya mai ƙaya da sojan Ruwanda ko Nepal ko Indiya da ke tsaye a bakinta ba, da adadin matattun ya wuce yadda muka sani. Wanda muka sani ɗin ma ba kaɗan ba ne: wani bincike da masana na makarantar nazarin cututtuka ta Landan suka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa yaƙin ya jawo mutuwar mutum kusan 383,000, kusan rabinsu kashe su aka yi, sauran yunwa da cuta. Kusan mutum miliyan 4 suka bar gidajensu, sama da miliyan 2 suka tsallaka iyaka.

Ranakun abin kunya

Wanda ke kiran a tallafa wa dakarun nan dole ya faɗi inda suka gaza, in ba haka ba maganarsa ba ta da nauyi.

A Agustan 2015 Kiir da Machar suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ƙarƙashin IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka. Bayan wata biyu Kiir ya raba jihohi 10 zuwa 28 da umarninsa shi kaɗai, abin da 'yan ƙabilar Shilluk suka ɗauka ƙwace musu Malakal ne. Daren 17 ga Fabrairun 2016 faɗa ya tashi a cikin sansanin Malakal mai ɗauke da mutum kusan 48,000. Masu kakin sojan gwamnati suka shigo ta inda aka yanke waya, suna harbi suna cinna wa bukkoki wuta. Aka kashe mutum 30, ciki har da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF biyu. Dakarun da ke wurin sun ɗauki sa'o'i masu yawa kafin su yi wani abin kirki. Binciken Majalisar ya gano ruɗani wajen ba da umarni, da rashin sanin lokacin da doka ta ba su damar harbi.

Na Juba ya fi muni. Machar ya koma birnin a Afrilun 2016 da dakarunsa, aka zuba runduna biyu masu gaba da juna a gari ɗaya. Ranar 8 ga Yuli, shi da Kiir suna cikin fadar shugaban ƙasa, masu gadinsu suka buɗe wa juna wuta a waje. Aka kwana huɗu ana faɗa da tankokin yaƙi da jirage masu saukar ungulu, sama da mutum 300 suka mutu, har da sojojin Sin biyu na rundunar Majalisar. Aka wawashe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya, tan 4,500 na abinci. Ranar 11 ga wata sojojin gwamnati suka shiga wani masauki da ake kira Terrain, wanda bai fi tafiyar 'yan mintuna daga sansanin Jebel ba. Suka kashe ɗan jarida John Gatluak don shi Nuer ne, suka yi wa mata ma'aikatan agaji fyaɗe na sa'o'i. Mutanen ciki sun yi ta kiran waya suna neman ɗauki. Ba wanda ya zo. A kwanakin da suka biyo baya an yi wa matan Nuer fyaɗe a kusa da ƙofar sansanin, wasu a inda masu gadi ke iya hangowa.

Sakatare Janar na Majalisar, Ban Ki-moon, ya naɗa Janar Patrick Cammaert ɗan Holan ya bincika. Rahotonsa ya ɗora laifin a kan rashin shugabanci: bataliyoyin ƙasashe daban-daban suna karɓar umarni masu karo da juna, wasu sun bar wuraren gadinsu, waɗanda aka ce su fita ceto suka ƙi. A Nuwamba aka sauke kwamandan rundunar, Janar Johnson Ondieki ɗan Kenya, Kenya ta yi fushi ta janye sojojinta. Kwamitin Sulhu ya riga ya amince a Agusta da ƙarin dakaru 4,000 na musamman domin tsaron Juba, jimilla ta koma 17,000, amma gwamnatin Kiir ta yi ta jan ƙafa, kusan shekara guda kafin na farkonsu su fara isowa. A Fabrairun 2017 aka ayyana bala'in yunwa a Leer da Mayendit.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon soja, wanda ya yi aikin wanzar da zaman lafiya a Darfur. Wata rana bayan la'asar na kawo masa maganar Terrain, na ce, "Baba, ni abin da na kasa ganewa, soja da bindigarsa yana jin ana kukan neman taimako, ya ƙi fita?"

Ya ce, "Ɗana, wanda ya ƙi fita ya yi laifi, ba zan wanke shi ba. Amma ka tambayi abin da ke bayansa. Soja in zai fita ƙofa abu biyu yake son sani: wa ya ba da umarnin, kuma in aka harbe ni wa zai ɗauke ni. In ba jirgin ɗaukar mai rauni, ba likitan tiyata, motarka kuma harsashi na huda ta, to kamar ka ɗauki maigadi ne ka hana shi tocila."

Sai ya ba ni labarin aikin da ya ce ya fi kowane amfani a zamansa can, rakiyar mata zuwa itace. Da asuba matan sansani su taru a bakin ƙofa da igiyoyinsu da gatura, motar soja ɗaya a gaba ɗaya a baya, a tafi a hankali daidai tafiyar ƙafa. Sojoji su tsaya a gefen daji har kowace ta ɗaure damminta. Ya ce ranar da aka yi rakiya matan kan dawo lafiya, ranar da ba mai ko ba mota kuwa sai a ji labari marar daɗi. Ba a harba ko harsashi ɗaya, tsayuwar kawai ce ke aiki.

Maganar dattijon nan ta yi daidai da abin da rahotannin suka nuna. Inda dakarun suka gaza, an samu ɗaya daga cikin abu uku: kwamandan da bai iya ba, ƙasar da ta turo soja da sharaɗin kada ya shiga haɗari, ko gwamnatin Juba da ke tare hanya da hana jirage tashi. Tun Janairun 2014 Kiir ya zargi Majalisar da neman zama gwamnati ta biyu a ƙasarsa. Duk ukun ana iya gyara su. Ba ko ɗaya da janyewa ke magancewa.

Inda aka kwana

An sake sa hannu kan sulhu a Adis Ababa ranar 12 ga Satumban 2018, aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a Fabrairun 2020, Machar ya koma mataimaki na ɗaya. Babban faɗa ya lafa. Aka miƙa yawancin sansanonin ga gwamnati, aka bar na Malakal a hannun Majalisar. Amma ginshiƙin yarjejeniyar, wato haɗe mayaƙan ɓangarorin su zama runduna ɗaya mai mutum 83,000, bai kammala ba. Zaɓen da ya kamata a yi an ɗage shi zuwa Disamban 2024, aka sake ɗage shi zuwa Disamban 2026. Ƙasar ba ta taɓa yin babban zaɓe ba tun da ta samu 'yanci.

Sai yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Sama da mutum miliyan guda suka kwararo kudu, yawancinsu ta garin Renk, bututun mai ya lalace a 2024, ma'aikata da sojoji suka yi watanni ba albashi. A farkon Maris 2025 mayaƙan sa-kai na Nuer suka ƙwace barikin Nasir. Ranar 7 ga wata aka buɗe wa jirgin Majalisar da ya je kwaso sojojin gwamnati wuta, ma'aikacin jirgin ya mutu tare da Janar Majur Dak da sojoji da dama. Yuganda ta sake turo dakaru. Ranar 26 ga Maris aka yi wa Machar ɗaurin talala, a Satumba aka gurfanar da shi bisa zargin cin amanar ƙasa da kisan kai. A watan Mayu an jefa bam a asibitin MSF da ke Old Fangak. Kusan duk abin da aka gani kafin Disamban 2013 ya sake haɗuwa: shugabanni biyu da ba su yarda da juna ba, runduna a rabe, baitulmali a bushe.

A daidai wannan lokaci ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga matsalar kuɗi, saboda manyan ƙasashe, Amurka a kan gaba, ba su biya kasonsu ba. A ƙarshen 2025 aka sanar da rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dakarun wanzar da zaman lafiya a duniya, kuma UNMISS na cikin waɗanda abin ya shafa. A 2013 an yi sakacin ƙin ƙarawa. Yanzu ragewa ake yi ana ganin hadarin.

Ina ruwanmu?

Na san abin da za a ce, don ana faɗa a majalisunmu: mu da ba mu gama da dajin Sambisa ba, 'yan bindiga sun addabi Zamfara da Katsina har suna leƙo dazukan Alkaleri, wane soja gare mu na bayarwa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Saboda irin wannan dalili Najeriya ta janye yawancin sojojinta daga Mali a 2013. Ba ina cewa a kwashe bataliyoyi daga Borno a kai Malakal ba.

Amma a tuna wanda ke kwance a kabarin nan na tsakiyar garin Bauchi, Firaminista Tafawa Ɓalewa. Kwango ta samu 'yanci ranar 30 ga Yunin 1960, cikin mako guda sojojinta suka yi bore, bayan 'yan kwanaki lardin Katanga ya ɓalle, Firaminista Lumumba da Shugaba Kasavubu suka nemi taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 7 ga Oktoba, Najeriya tana da kwana shida da 'yanci, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar ya yi magana a kan Kwango, kuma kafin shekarar ta ƙare sojojinmu suna can. Aguiyi-Ironsi ya zo ya jagoranci rundunar Majalisar gaba ɗaya a ƙasar. Ba mu da arzikin mai a lokacin. Bayan nan aka yi Laberiya da Saliyo, aka yi Darfur inda Janar Martin Luther Agwai ya yi kwamanda, inda kuma aka kashe mana sojoji a Haskanita a Satumban 2007. Mutanen Gombe kuma sun san hanyar gabas ba baƙuwa ba ce: bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka tsira daga jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru can suka nufa, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu nasu ne, jikokinsu na nan a Sudan da Hausarsu da Fulatancinsu. Rikicin da ya haɗe Sudan da Sudan ta Kudu ba zai tsaya a can ba. Tsakaninmu da Darfur ƙasa ɗaya ce, Chadi, kuma bindiga ba ta neman biza.

Abin da Najeriya za ta iya ba tare da ta taɓa fagen dagarta ba yana da yawa. Tana cikin kwamitin ƙasashe biyar da Tarayyar Afirka ta ɗora wa sa ido kan sulhun Sudan ta Kudu, tare da Afirka ta Kudu da Aljeriya da Chadi da Ruwanda. Daga wannan kujera za ta iya matsa wa Juba ta daina tare wa dakarun hanya da hana jiragensu tashi, ta kuma nemi a warware batun Machar ta hanyar da ba za ta rusa yarjejeniyar 2018 ba. Za ta iya haɗa kai da ƙasashen Afirka uku da ke Kwamitin Sulhu su tsaya kan cewa in ragewa ta zama dole, kada a taɓa Malakal da Bentiu da yankin Nasir, kada kuma a taɓa jirage da asibitoci, don su ne ke sa soja ya yarda ya fita ƙofa. Tana da cibiyar horar da dakarun wanzar da zaman lafiya a Jaji, tana da hafsoshin da suka san aikin, irin su Janar Benjamin Sawyerr da ya jagoranci rundunar Majalisar a Abyei, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke jayayya a kansa. Rukunin 'yan sanda, musamman mata, da likitocin soja da injiniyoyi ba za su gagare mu ba. A Bentiu injiniyoyin sojan Pakistan ne suka yi ta gina ganuwar ƙasa da ta hana ambaliya cinye garin da sansaninsa.

Akwai kuma bashin da ke wuyanmu kai tsaye. Kwamitin binciken da Tarayyar Afirka ta kafa a 2014, Olusegun Obasanjo ne ya shugabance shi. Rahotonsa, wanda aka fitar a Oktoban 2015, ya ce bai ga hujjar juyin mulki ba, ya ce kisan Juba tsararre ne, ya kuma samu ɓangarorin biyu da manyan laifuka. Yarjejeniyar 2015 da ta 2018 duka sun tanadi kotun haɗin gwiwa da Tarayyar Afirka za ta kafa. Sama da shekara goma ke nan ba kotu. An hukunta sojoji goma kan abin da ya faru a Terrain a 2018, inda akwai Turawa cikin waɗanda aka zalunta. Na Gudele da masallacin Bentiu da sansanin Bor har yau ba babban da ya amsa tambaya a kansu. Muddin kwamanda ya san kisa muƙami yake jawowa, dakarun duniya gadi kawai za su yi ta yi ba ranar gamawa.

Ministan harkokin wajen da aka naɗa a Agustan 2023, Yusuf Maitama Tuggar, ɗan jihar Bauchi ne. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai daga Bauchi da Gombe suna da ikon kiran ma'aikatar su tambaye ta matsayin Najeriya kan rage dakarun UNMISS, da abin da wakilinmu a Adis Ababa ya ce game da kotun da rahoton Obasanjo ya nema. Ya kamata a yi wannan tambaya tun kafin zaɓen Disamban 2026 ya ƙarato, domin ko an yi shi ko an sake ɗagewa, lokacin ne za a fi buƙatar sojan da ke bakin ƙofar Malakal.